Amsata ga ɗana akan maganar 'yancin kai da sandug ɗin dangi

Ɗana, naga saƙonka. Kace tunda ka samu aiki a Riyad ana sa ka zuba kuɗi a sandug ɗin dangi (asusun taimakon juna) duk wata, kuma maganar yarinyar da kake so sai ta biyo ta hannunmu baffanninka, kana tambaya wai wannan addini ne ko al'ada ce kawai, tunda ka karanta cewa mutum shi ke da iko da kansa da guminsa matuƙar bai cuci kowa ba.

Toh wannan magana ba sabuwa bace, ta wani Bature ce John Stuart Mill, ya rubuta ta a 1859 a Ingila, kuma kafin shi John Locke yayi bayanin haƙƙin mutum akan ransa da dukiyarsa tun 1689. Ba zan ce maka shirme bane don wlh akwai gaskiya a ciki. Mu da muka ga zamanin Numairi, tsohon shugaban ƙasar nan Sudan, mun san abinda ake ji idan hukuma ta shiga abinda ba nata ba, dokokin Satumba na 1983, aka zo aka rataye Mahmud Muhammad Taha a Janairun 1985 akan ra'ayinsa, ni ban yarda da fahimtarsa ba ko kaɗan amma igiya bata amsa hujja. Haka dokar nan ta nizamul am da ake kama mata a titi ana musu bulala saboda sutura, sai a 2019 aka soke ta. A wannan gefen ina tare da kai.

Inda muka rabu shine wajen "bai cuci kowa ba" ɗin nan. Waye zai yanke cewa abin naka kai kaɗai ya shafa? Annabi SAW ya bada misalin mutanen jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa sukace bari mu huda wajenmu mu ɗebi ruwa kar mu dami na sama, kaga ai niyyarsu ma mai kyau ce kuma rabonsu ne suke hudawa. Aurenka haka yake, ranar da ta yi yaji ba kotun Riyad zata je ba, ɗakin goggonka zata zo, mu ne zamu je biko, 'ya'yan kuma in wani abu ya same ka (Allah ya kiyaye) a gidan nan zasu tashi.

Sannan abinda malamanku basa faɗa sosai, Baturen da yake cewa kowa tasa ta fisshe shi ba shi kaɗai yake tsaye ba, gwamnati ce ta ɗauke masa aikin dangi. Jamus ta fara fansho na tsufa tun 1889, Ingila ta buɗe asibitin kowa kyauta a 1948, haraji mai nauyi suke biya akai, wato suma sandug suke zubawa kawai dai basu san fuskar wanda zai ci ba. Mu fa? Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, birnin Madani ya faɗi a Disamba mutane suka kwararo ta Sinnar da kayan jikinsu kawai, wane ofishi ne ya ciyar dasu? Takiyya ce ta unguwa, wato wajen dafa abincin sadaka, da tukunyar adas da balila, da samari masu aikin sa kai, da irinku na waje da kuke turo ɗan abinda ya samu ta manhajar banki ta Bankak. Garin nan namu Maiurno ma ai haka aka kafa shi, kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 da gayya suka sare daji, wanda mutanen nan suke cewa nafir, ba wanda ya gina ɗakinsa shi kaɗai.

Amma tambayarka ta addini ko al'ada bari in raba maka. Ciyar da iyayenka in basu da shi wajibi ne, sada zumunci wajibi ne. Sandug kuwa al'ada ce, mu muka tsara shi mu zamu iya gyara shi, kuma ni kaina bana goyon bayan a kwashe kuɗin ana kama kulob ana ɗauko mawaƙa na kwana da kwanaki ga marasa lafiya a kwance. In kason da aka ɗora maka yayi yawa ka faɗa a zaman dangi, ba kunya, ka kawo lissafin hayarka da kuɗin iƙama kowa ya gani. Aure kuma babu mai yi maka dole, yadda shari'a ta hana a aurar da budurwa sai da izininta haka kaima, namu bincike ne da shawara da zuwa nema maka, don iyayenta ba zasu ba yaro shi kaɗai 'yarsu ba, sai sunga manya a bayansa.

Ka turo min sunan mahaifinta da unguwarsu, zan yiwa baffanka ƙarami magana bayan Juma'a. Ka kira innarka, tana ta cigiyarka.