Kayan Wasan Gini na Yara: In Saya Ko In Haƙura?

Tambaya: Anti, ɗana shekararsa bakwai, ƙanwarsa kuma biyu. Ya ga kayan wasan nan na LEGO, ƙananan bulon roba da ake harhaɗawa a yi gini, a gidan yayana, tun ranar ya hana ni sakat sai na saya masa. Da na taya a shago, kuɗin kwali ɗaya ya kusa rabin kuɗin makarantarsa na zango guda. Mai shagon ya ce suna buɗe ƙwaƙwalwar yaro. Da gaske ne, ko salon talla ne kawai? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Mai shagon bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya miki komai da komai ba.

Amfanin yana nan, na gani da idona. Ɗan ƙanwata ya taɓa wuni yana gina bene, da ya kai hawa na uku sai ya rushe. Ya yi kuka, ya share hawaye, ya sake. Can da la'asar ya gane da kansa cewa sai ya sarƙa bulon, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa biyu, yadda magina ke jera bulo, sannan katanga ke tsayawa. Ba wanda ya koya masa. Ƙirge, haƙuri, da bin zanen takarda daki-daki duk suna shiga ta wannan hanya. Amma kada wani ya ce miki kwali ɗaya zai mayar da yaro injiniya.

Tsadar tana da dalili. Wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, ya kafa kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, kuma bulon da aka ƙera tun 1958 har yau yana kama na bana daram. Robar ABS ce mai ƙwari, ana iya gadonta daga wa zuwa ƙani. Ki haɗa da kuɗin dakon kaya da farashin dala, shi ya sa kika ji kuɗin ya yi miki nauyi.

Inda iyaye ke asara shi ne wajen zaɓe. Akwai kwalin da abu ɗaya ake ginawa da shi, mota ko jirgi, musamman masu hoton taurarin fina-finai, waɗanda har kuɗin sunan kike biya. Yaro ya gama a yini ɗaya, ya ɗora kan kanta, shi ke nan. Ni wanda nake so ki nema shi ne mai suna Classic, tarin bulo zalla kala-kala, yau ya gina masallaci, gobe tashar mota. Bulo shida kacal masu 'yan ƙusoshi takwas-takwas a samansu ana iya haɗa su ta hanyoyi sama da miliyan 915, don haka ƙaramin kwali ma ya isa farawa.

Ba dole sai LEGO ba. Haƙƙin mallakar fasahar ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da yawa, har da na Chana, suna yin masu shiga juna a farashi mai sauƙi. Ki sa a buɗe miki ki gwada: su kama gam, su kuma ɓalle ba sai an sa haƙori ba. Mai kaifin baki ko warin roba mai hawa kai, ki bar shi. A wajen 'yan gwanjo ma akan yi katari da na asali; ki wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, don ruwan zafi yana lanƙwasa su.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ƙanwar nan. Ƙananan bulon suna iya maƙale wa yaro a maƙogwaro, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin kwalin game da 'yan ƙasa da shekara 3. Nata su ne manyan nan, Duplo, da suka ninka na kullum girma. Yayan ya riƙa wasa a kan faranti ko tabarma lokacin da take barci, in ya gama a kwashe tsaf a zuba cikin bokiti mai murfi, a ɗora sama.

Kuɗin makaranta kuwa kada ki taɓa su saboda wannan. Ki yi masa alkawarin ƙaramin kwali da Sallah, kafin nan ki samo masa karan dawa da yumɓu ya ƙera motarsa kamar yadda yayyenmu suka yi. In kika ga bayan wata guda da sayen yana nan yana rushewa yana sake ginawa, sai ki ƙara masa wani.