Ga amsar tambayarka, ɗana

Ɗana, na saurari saƙonka sau uku a nan Gadarif kafin na iya amsawa. Ka ce tun da yaƙi ya tashe ku daga Khartum a Afrilun 2023, ya sake korar ku daga Wad Madani a Disamba, barci ya ƙaurace maka. Tayar raksha, babur mai ƙafa uku, ta fashe a titi sai gabanka ya yanke ya faɗi, kai da mai ɗakinka kuma ba ku kwana biyu ba ku yi sa-in-sa ba. An nuna maka masanin halayyar ɗan Adam da ake ganawa da shi ta bidiyo a waya, kana tambaya ko al'adarmu ta yarda namiji ya kwance wa bare cikinsa.

Ai na gani da idona ranar da ka zo gaishe ni. Murfin tukunya ya suɓuce wa innarka a madafa, kofin jabana ya karkace a hannunka har gahawar ta zube maka a jallabiyya. Ka yi dariya, ni ban yi ba.

Gaskiya ne an rene mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma abin da aka hana shi ne tallar sirri a kasuwa. Ba a taɓa barin mutum shi kaɗai da damuwarsa ba. A Maiwurno, inda kakanninmu suka zauna bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, amarya tana da gwaggon da take kai wa kuka, ango yana da waliyyinsa da aminin ubansa, wanda abin ya fi ƙarfinsa a kai shi zauren malam. Yau ina suke? Gwaggonka tana Kasala, abokan ubanka wasu Masar, wasu kabari. Yaƙi ya watsa mutanen da al'ada ta tanadar maka, sai kunyar kaɗai ta rage a hannunka, kana kiran ta haƙuri. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ka tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya sauko daga Hira yana makyarkyata, Nana Khadija ya gaya wa tsoronsa, ita kuma ta kai shi wurin Waraƙa, mai sani. A ƙasar nan ta Sudan ma, Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa wanda aka sa wa asibitin masu taɓin hankali na Omdurman sunansa, bai raina shehunan masid, wato tsangayun malamai, ba, aiki ya yi da su. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ya kwantar mini da hankali, aikin nasu ba hira kawai ba ne, koyarwa ce. Za a koya maka jan numfashi a hankali idan ƙirji ya matse, da rubuta tunanin da ke taso maka da dare ka auna shi da gaskiya, da komawa kaɗan-kaɗan ga abin da kake gudu har jiki ya gane harbin ya wuce. Kamar almajiri ne da allo, sai da tilawa kullum.

Sharaɗina uku. Ka tabbatar yana da shaidar karatu da izinin aiki, don masu cin kuɗin mutane sun yi yawa a intanet. Ka nemi ɗaki ka rufe, ban da shagon intanet na Starlink inda kowa ke jin kowa. Sirrin matarka kuwa nata ne, ka nemi yardarta kafin ka ambace shi, in ta so ku zauna tare ya fi. In har ranka ya fara raya maka cutar da kanka, ajiye waya ka tafi asibiti a ranar, ka kira ni kana hanya.

Kuɗin zaman farko na tura maka ta manhajar banki ta Bankak. Ka gaida ɗiyata da yara.