Faifai biyu, bango ɗaya

Kai yaro, wai tambayarka ke nan: me ya sa faifan Band on the Run guda biyu ke kan kanta, bangonsu iri ɗaya, amma ɗaya na ninka masa kuɗi? Ajiye wayar nan tukuna. Ku 'yan yanzu kuna latsa waya waƙa ta fito, ba ku san wanda ya buga ganga ba.

Faifan nan na Paul McCartney ne da ƙungiyarsa Wings, bayan tsohuwar ƙungiyarsa Beatles ta watse a 1970. A Legas aka naɗi yawancinsa, a 1973, a situdiyon EMI da ke Apapa. Ana gab da tafiya mai jita da mai ganga suka ce ba za su ba, sai shi da matarsa Linda da abokin kiɗansu Denny Laine suka zo, Paul da kansa ya hau ganguna. 'Yan fashi suka tare su da wuƙa da dare, suka tafi da jakar kaset ɗin gwajin waƙoƙin. Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da ya kunna masa abin da suka naɗa.

To bugun Ingila waƙa 9 ne, na Amurka 10, don sun cusa waƙar Helen Wheels. Wannan ko makaho ya ƙirga. Abin da ke kawo kuɗi shi ne bugun farko na Ingila mai lamba PAS 10007, da fostarsa ta hotunan da Linda ta ɗauka.

Ni na taɓa samun irinsa, tsaf, ko ƙwarzane babu. Shekara da shekaru ina ɓoyonsa a ƙasan akwati. Wata Asabar wani ya shigo, babbar riga, turare ya cika shago, yana ta "Alhaji, Alhaji". Ya san sunan kowa a bangon, har ɗan damben nan John Conteh ya nuna mini cikin mutum tara da fitila ta haske. Na ce yau na sami ɗan'uwa. Na fito da shi, na ɗora a garmaho, muka saurara. Ya ce zai saya, amma bari ya duba da kyau a bakin ƙofa, wai cikin shago duhu. Ni kuma aka kira salla, yaron da ke nan kafin kai yana can yana hira da mai shayi.

Na dawo ya miƙo mini, wai farashin ya yi masa tsada. Har godiya na yi masa! Sai bayan sati biyu na zare faifan: wani bugun baya ne, ya sha allura har ya yi fari, fosta kuwa ta bi iska. Da na dubi lambobin da ake zanawa a fili tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya kafin ya fita, da ban yi wannan asara ba. Har yau in na ji turaren nan raina ɓaci yake.

Wannan mai tsadar na biyu ne da na samu, bai kai wancan kyau ba. Kowa ya ce zai duba, a hannunka zai duba. Maida shi akwati.