Ba kwamfutarka ce ta gaza ba

Ka ce manhajar da ka rubuta don tace lambobin waya masu maimaituwa tana aiki lafiya lau a kan lambobi 1,000, amma da aka zuba mata 100,000 sai ta tsaya cak, kana tambaya ko ka nemi kwamfuta mai ƙarfi. Riƙe kuɗinka, ƙanena. Na duba aikin, a tsarinsa matsalar take.

Ka zuba lambobin cikin list, wato jerin ajiye bayanai na Python, harshen da ka rubuta manhajar da shi, kowace ka ɗauko sai ka bi jerin daga farko har ƙarshe kana neman irinta. A kan 1,000, gwaji miliyan 1 ke nan, kwamfuta ko a jikinta. A kan 100,000 kuwa gwaji biliyan 10 ne. Bayanai sun ninka sau 100, aiki ya ninka sau 10,000. Ko na'urar da ta fi taka sauri sau biyu ka saya, rabin jira kawai ka rage, kuma ranar da lambobin suka ninka biyu, jiran zai ninka huɗu.

Wannan shi ne O(n²), wato aikin da nauyinsa ya kai yawan bayanai sau kansa, wanda ake rubuta muku a allo a darasin tsarin bayanai na jami'a. Yana ba ni takaici in ga ɗalibi ya haddace shi don jarrabawa, alhali abin da ake son ya iya shi ne ya dubi aikinsa ya san yadda zai yi nauyi idan bayanai suka yi yawa.

Canza list ɗin zuwa set, wato ma'ajin Python da ba ya ajiye abu ɗaya sau biyu. Shi set daga lambar kanta yake lissafa gurbin da zai ajiye ta, don haka in ka tambaye shi, kai tsaye yake zuwa wurin, kamar mai kantin da ya san kantar kowane kaya. Zagaye ɗaya ka gama. Sai dai ba kyauta ba ne: ya fi cin ma'adana, kuma ba ya riƙe maka jeri yadda ka zuba. In kana buƙatar su a jere daga ƙarami zuwa babba, kira sorted, umarnin jerawa na Python, masu kama da juna za su zo kafaɗa da kafaɗa. A kan 100,000, gwajin bai wuce miliyan 2 ba. A jeri irin wannan, in kana raba shi biyu kana yar da rabi, ko lambobi miliyan 1 ne, taku 20 ya ishe ka gano ɗaya.

Rubuta naka tsarin jerawa sau ɗaya don hannunka ya saba, amma a aikin kwastoma yi amfani da na Python, wanda Tim Peters ya rubuta a 2002.

Kuma ajiye lambobin a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace. Daidaita masu 080 da masu +234 kafin ka fara gwaji. In ka gyara, auna lokacin a kan 1,000, da 10,000, da 100,000, ka kawo mini mu duba tare.