Amsa ga direban tirelar da aka sallama daga aiki

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka: shekararka 56, ka yi shekara 18 kana jan tirela a kamfani ɗaya, an rage ma'aikata an haɗa da kai, duk inda ka je sai a ce matasa ake nema, har ka fara tunanin sayen tsohuwar tirela ƙirar DAF da kuɗin sallama. Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Na kasa wucewa ne don ni ma haka aka yi mini a 2019, ina da shekara 54.

Don Allah ka dakata da maganar motar nan. Ni na saya. Na haɗa kuɗin sallamata da na filina na Rigasa a Kaduna na karɓo kan mota, ina ganin tunda na san hanya kuma kunnena ya san ƙarar inji, shi ke nan. Wata biyar injin ya buga a Tafa, da kayan mutane a bayana. Kwana tara na yi a bakin titi. Aka gyara, giya ta biyo baya, sai tayoyi. Ashe duk shekarun da na yi ina tuƙi, wani ne ke ɗauke da nauyin taya da gas da takardu da kwanakin da mota ke tsaye ba lodi, ni nawa sitiyari ne kawai. Ƙarshenta a kasuwar Panteka na sayar da ita, ko rabin kuɗina bai dawo ba. Lokacin ma gas bai yi tashin da ya yi a 2022 ba. Wanda ke da motoci biyar, idan ɗaya ta kwanta huɗu za su tashe ta. Mai guda ɗaya, ran da ta kwanta tukunyar gidansa ma ta kwanta.

Kafin komai ka bi haƙƙinka. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye, sai an ba shi sanarwar wata guda ko albashin watan. Idan ana cire maka fansho, je ofishin kamfanin fanshonka da takardar sallama, ka sa su buga maka lissafi ka ga ko duk abin da aka cire ya shiga. Tunda ka haura 50 kana iya neman kuɗinka a matsayin wanda ya yi ritaya. 'Yan ƙasa da 50 ne ke jiran wata 4 su karɓi kashi 25 cikin 100. Kuma kada ka bar kamfanin nan sai sun rubuta maka takardar shaida cewa ka yi shekara 18 ba ka kayar da mota ba, ba a taɓa kama ka da sayar da gas ba. Kada a rabu baram-baram, ko da zuciyarka na tafasa.

Lasinka mai aji G, wato na jan tirela, ya zama da rai. Ka je Asibitin Ido da ke Mando a Kaduna a duba ka, a auna maka jini da suga. Mai mota yana kallon furfurarka abin da ke ransa ke nan, ko bai faɗa ba. Ka riga shi da takarda a hannu.

Batun neman aikin kuwa, daina kai takarda bakin ƙofar kamfanoni kana ba maigadi. A sana'armu bakin mutum ke ba da mota. Zauna ka lissafa yaran motar da suka tashi a hannunka. Ni na yaye bakwai, amma wata takwas ina zaune a gida ban nemi ko ɗaya ba, kunya ta hana ni. Na daina zuwa majalisa, sallar asuba ma na koma wani masallaci don kada a tambaye ni yaushe zan tashi. Wannan zaman ya fi asarar motar ci mini rai. Ran da na daure na je Mararrabar Jos, matattarar manyan motoci, wani yaro da na koya wa ribas da tirela ya hango ni, ya taso ya durƙusa yana "Oga, ina ka shiga?" Cikin mako biyu ya kai ni wurin ubangidansa ya tsaya mini. Ka je Mararraba, ka je Kakuri wajen tashar sauke kwantenoni ta tsandauri da aka buɗe a 2018, ka leƙa ofishin ƙungiyar direbobi, ka gaisa da 'yan kamasho. Su ne ke fara sanin motar da direbanta ya ajiye makulli.

Kuma kada ka ce lallai sai tirela, lallai sai Legas. Bayanka da idonka ba na ɗan talatin ba ne. Akwai tifa, akwai Kanta mai ɗauko masara daga Saminaka zuwa kamfanonin abincin kaji, akwai motar makaranta, akwai masu motoci da ke neman dattijon da zai riƙe musu gareji ya sa ido kan yara. Keke Napep kam ban ba ka shawara ba, balas ɗin kullum da wuya ga mai shekarunmu.

Ni yanzu masarar nake ɗaukowa. Abin da nake samu bai kai na da ba, watannin farko sai da muka rage cefane, kuma maiɗakina ce ta riƙe gidan da sana'ar ƙosanta, don haka kada ka ɓoye wa taka komai. Amma kusan kullum a gida nake kwana. 'Yan manyan 'ya'yana sun tashi ina hanya. Autata kuwa ni nake kai ta Islamiyya ranar Asabar.