Ita ma iskar da sallama ake shigarta

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai ka sayo oba-oba a kasuwar Alaba, an ce maka sai da lasisi, shi ne kake tambaya ko gwamnati ce ta halicci iska. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Daga baya kuma na ce Allah ya sa yaron nan bai riga ya kunna ba.

Ina saurayi na yi aikatau a Ebute Meta wajen wani Bayarabe, tsohon ma'aikacin gidan waya, mai rediyon sha'awa, wato na'urar da mutum ke aika saƙo da ita ta iska don nishaɗi. Takardar lasisinsa na rataye a bango cikin gilashi, lambarsa ta fara da 5N, alamar Najeriya. Ya ce zamanin Turawa ZD2 ce. Waya ya ja daga bishiyar mangwaro zuwa kan kwano. Wani dare yana ƙwanƙwasa Mos, wato saƙon da ake rubuta haruffansa da gajeru da dogayen ƙara, ɗis-ɗis, sai ga amsa daga Birazil. Ya tashi neman biro, ni kuwa ƙaiƙayi ya kai yatsana kan maɓallin. Ban ji dawowarsa ba, sai ranƙwashi a tsakar ka. Ya ce, "Da sunan wa za ka shiga?"

Da ya huce ya ba ni labari. Jirgin Titanic ya nitse a 1912, iska ta cika da hayaniya da labaran ƙarya, shi ya sa a shekarar Amurka ta wajabta lasisi, ta kora 'yan sha'awa ƙasa da mita 200, wato gajeren zango, wai can juji ne. Ashe jujin nan shi ke ƙetare teku! Ingila tun 1904 take da dokarta, tamu ta 1961 ce. Ya ce kalma 12 a minti suka buga da Mos kafin a ba su takarda. Ni na kai takwas, aure ya zo, na watsar. Har yau abin na ci mini rai.

Baba, Allah ya jiƙansa, kan ce mai shiga gida ba sallama, ko ɗan gida ne, da sanda ake tarbarsa. Ku yanzu kun saba da waya, kowa ya farka sai ya yi wa duniya magana. Jarrabawar Mos ɗin ma tun 2003 taron duniya kan rediyo a Janeba ya bar wa kowace ƙasa zaɓi a kanta.

Ranar Juma'a ka kawo mini akwatin zuwa Agege in duba. Kada ka sa masa batir a hanya.