Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara rubuta tarihin kakannina alhali babu takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana ya daɗe da rasuwa, kakata kuwa tana nan da ranta amma ta tsufa ƙwarai. A wani ƙauye na ƙasar Funtuwa suka yi aure, suka yi noma, daga baya ya sayi babbar mota yana ɗaukar amfanin gona, har motocin suka kai uku. Ina so in rubuta tarihinsu saboda 'yan baya, amma duk wanda na tambaya shekarar auren ko ta sayen motar sai ya ce mini "ai an daɗe". Ni jikanyarsu ce. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Alhaji, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ki fara da Hajiya, kuma ki fara cikin makon nan. Amma ki daina tambayar shekara. Mutanen wancan zamani ba da lamba suke riƙe lokaci ba, da abin da ya faru suke riƙe shi. Tambayar da za ta buɗe mata baki ita ce: "Kaka, da aka kawo ki gidan nan, wa ke sarauta? Goyon wa kike yi da aka sayi motar fari?"

Aikinki shi ne ki riƙe ma'auni a hannu. Tunda ƙasar Katsina ce, Sarki Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya hau har zuwa 1981. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne, samun 'yancin kai 1960, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kisan Murtala Fabrairun 1976, canjin kuɗin Buhari kuma 1984. Idan ta ce babanki yana rarrafe aka kashe Sardauna, kin samu shekarar haihuwarsa. Daga nan sai ki bi jerin haihuwa baya-baya, ki bar shekara biyu zuwa uku tsakanin ɗa da ɗa saboda yaye, har ki kai ga auren. Kada ki tsallake 'ya'yan da suka koma tun suna ƙanana. Iyaye maza kan manta da su a lissafi, uwa ba ta mantawa, sai dai a bi ta a hankali wajen tambayar.

Ki tambayi sadaki ma. An fara kashe naira ranar 1 ga Janairun 1973, kafin nan fam da sule da kwabo ne. Sai dai a nan akwai tarko: tsofaffi sun ci gaba da kiran naira biyu fam ɗaya shekara da shekaru, musamman a kara, wato kasuwar dabbobi. Don haka jin kalmar fam kaɗai ba hujja ba ce.

Batun mota ya fi sauƙi. A watan Afrilun 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama. Ki nemi tsohon direbansa ko wanda ya yi masa yaron mota, ki tambaye shi a wane ɓangare sitiyarin motar fari yake. Idan a dama yake, to kusan tabbas kafin 1972 ta shigo ƙasa, ko da Alhaji ya saye ta ne a hannun wani daga baya. Ki ji kuma Bedford ce, Austin ce, ko Marsandi 911 mai bodin katako, da abin da aka rubuta a goshinta. Direba na iya manta shekarunsa na haihuwa, bai manta lambar motar da ya fara ja ba. Tsofaffin 'yan kamasho na tashar garinku su ma suna da labari, wani ma wanda gida ba a sani ba.

Abin da na fi so ki zurfafa a kai shi ne inda kuɗin motar suka fito, domin a nan ne yawancin masu irin wannan rubutu ke yin tuya su manta da albasa. Sai ka ga an rubuta "ya yi noma, Allah ya buɗa masa, ya sayi mota", shi ke nan. To wa ya yi noman? A gandun mahaifinsa yake, ko gayaunarsa ce ta fara tara masa jari? Funtuwa ƙasar auduga ce, a wancan zamani ga injin gurza, ga tashar jirgin ƙasa a kan layin Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, saboda haka mai mota ba ya rasa lodi a lokacin kaka. Wataƙila ya fara ne da awon auduga ko gyaɗa a ƙarƙashin wani babban ɗan kasuwa da ya ba shi motar bashi. Sannan ki tambayi Hajiya kai tsaye abin da ta zuba. Mata da yawa sun sayar da tumakinsu da tasoshin ɗakinsu, wasu sun kwashi adashi ko kuɗin ƙuli-ƙuli da mai sun miƙa. Kuma idan mota ta yi Legas ko Fatakwal ta yi sati biyu, wa ke ciyar da 'yan ƙwadago, wa ke riƙe da rumbu? Ba za ta faɗa da kanta ba saboda kunya da kara, sai kin tona.

Ki binciki abin da farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 suka yi wa sana'ar. Ki ji ko a lokacin ne ya koma ɗaukar hatsi, shanu ko siminti.

Takardu kuwa kada ki yanke ƙauna. Ki duba tsohuwar adaka da cikin gafakar Alƙur'ani: rasiɗin haraji da jangali, lasin, fasfon Makka, ko 'yar takardar ajami da aka rubuta ranar haihuwa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, amma labarin ƙauyen za ki samu a can, da wuya ki ga sunan kakanki.

Ki naɗi muryarta a waya da izininta, zama gajere-gajere, da hantsi kafin ta gaji. Idan akwai kishiya ko ƙannen Alhaji, ki ji kowa shi kaɗai. Inda bakinsu ya saɓa, musamman kan wanda ya mallaki wace mota ko wace gona, ki rubuta duka biyun da sunan mai faɗa, kada ki yanke hukunci, domin irin wannan takarda takan dawo a ranar rabon gado.